Wasan Gawayi Na 'Yan Rabin Aji

'Yan'uwa mata, zancenmu na wannan mako a kan 'yan rabin aji ne, watau yara 'yan shekara 3 zuwa 5 waɗanda ba su isa shiga aji ɗaya ba. Tun da aka kafa dokar ilmin bai-ɗaya a 2004 ake buɗe musu aji a makarantun firamare, har a ƙasar Ƙaraye da Rogo.

To, ɗan shekara huɗu in kin ce masa akwai ƙwayar cuta a hannunsa, sai ya dubi tafin, bai ga kome ba, ya ci gaba da cin ƙuli-ƙulinsa. Tsawa ba ta sa ya gani, bulala ma haka. Amma ga wata dabara wadda ba ta cin ko kwabo.

Malama ta daka gawayi, ta kwaɓa da ɗan man gyaɗa, ta shafa wa yaro ɗaya a tafin hannu. Yara su yi da'ira, shi ya gaisa da na kusa da shi, wannan kuma ya gaisa da na gaba. Kafin a zagayo, sai ki ga baƙi a hannun kowa, har da hancin wanda ya yi susa. Nan dariya za ta kaure. Sa'an nan malama ta ce, "Haka gudawa ke yawo, sai dai ita ba a ganinta." A zuba musu ruwa zalla, baƙin ya ƙi fita. A kawo sabulu, ya fita sarai. Dalili kuwa, dauɗa a cikin maiƙon fata take maƙalewa, ruwa shi kaɗai ba ya ɗauke maiƙo. Masana lafiya sun ce a cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20. Yaro bai san daƙiƙa ba, amma ya san waƙa. Malama ta shirya 'yar gajeriya, ba mai ɗauraye hannu sai an kai ƙarshenta.

'Yar tsana ma tana da aiki. A ba kowace yarinya tata ta wanke mata fuska, a gaya mata ƙuda na bin kwantsa da majina yana kai ciwon ido. Na kusa da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, a ƙara musu da zanen katantanwa a allo, domin ita ce ke rainon tsargiya a ruwan da suke wanka.

Sai dai fa, uwargida, laifi na nan gida. Yaro ya koyo a makaranta, ya dawo ya tarar an ajiye ruwa a kwano ɗaya, mutum bakwai kowa ya tsoma hannu kafin cin tuwo. Shi ne ƙarami, shi ne na ƙarshe, ya wanke da dauɗar yayyensa ke nan. Ni ma haka na tashi na gani, ban ga aibinsa ba sai da na girma. A riƙa zubawa da buta, ruwan ya tafi ƙasa. A rataye jarka mai huda da guntun sabulu a bakin shadda, daidai tsawon yaro. In sabulu ya ƙare, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla.

Ku kuma 'yan makaranta, ran 15 ga Oktoba ake Ranar Wanke Hannu ta Duniya, tun 2008. Ku tara ƙannenku a tsakar gida ku gwada wasan gawayin nan, amma ku tuɓe musu kayan makaranta tukuna.