Bel Ɗin Tsohuwar Hilux Ya Ƙi Komawa? Sau Da Yawa Ƙurar Sakkwato Ce Sila

A yawancin tsofaffin a-kori-kura da ke jigilar kaya tsakanin Kasuwar Kara da hanyar Illela, bel ɗin kujera yakan tsaya a lanƙwashe, ƙofa ta riƙa datse shi. Direbobi da dama sukan ɗauka na'urar ce ta mutu, su daina ɗaurawa.

Sau da yawa datti ne kawai. Wani naɗaɗɗen sifirin ne ke jan bel ɗin ciki, kuma ƙarfinsa kaɗan ne. Idan ƙurar hunturu ta haɗu da gumin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, sai bel ya sandare, ya riƙa cijewa a zoben da ke saman kafaɗa.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A zaro bel ɗin har ƙarshe, a maƙale shi kada ya koma. A jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a goga da buroshi mai laushi, sannan a kankare dattin zoben. Sai ya bushe sarai kafin a sake shi.

Banda bilic, fetur ko baƙin mai, domin suna raunana zaren. Kada kuma a buɗe murfin sifirin, yana iya fallowa ya ji wa mutum rauni.

Idan bel ya fara zarewa, ko motar ta taɓa yin hatsari, canji ne mafita. Tun 2003 hukumar FRSC ke tilasta ɗaura bel, amma sakwarkwatacce ba ya riƙe mutum yadda ya kamata ranar tsautsayi.