Filin Manoma: Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

A ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu manoma da ba su shuka dawa, ba su shuka gyaɗa. Ciyawa kaɗai su ke nomawa, da ita kuwa su ke cin abinci. Su ne masu kula da filin ƙwallon lambu, watau golf, wasan nan da ya yi ƙarfi a ƙasar Sikotland. Cikakken fili ya na da ramuka 18, kowane rami faɗinsa inci 4 da kwata. Kewaye da ramin akwai dandali na lallausar ciyawa, wanda su ke kira girin. Kusan kullum a ke aske shi, har tsawon ciyawar ba ya wuce milimita 3 ko 4, don ƙwallo ta riƙa mirginawa sumul kamar bisa daɓe. In girin ya lalace 'yan wasa su kan ƙaurace, kuɗin shiga ya ragu, mai kula da fili kuwa aikinsa ya shiga rawa.

Magabtansa biyu ne, ɗari da ciyawar banza, kuma ɗaya ke buɗe wa ɗaya ƙofa.

Ɓarnar ɗari

Dusar ƙanƙara mai laushi ba ta cika yin ɓarna ba, don kamar bargo ta ke ga ciyawa. Mugun abu shi ne ta narke da rana, ruwa ya kwanta a kwari, da dare ya daskare. Gindin ciyawa ya sha ruwa ya ƙoshi, sa'an nan ruwan ya zama ƙanƙara a cikinsa, ya kashe shi. In kuwa ƙanƙara ta rufe girin ta daɗe, iska ba ta shiga, sai ciyawa ta shaƙe. A kan tudu kuma, inda ba abin rufi, busasshiyar iska ke ƙona ta, kamar yadda iskar hunturu ke yi wa shukar lambu. Ga kuma wata funfuna da ke cin ganye a ƙarƙashin dusar.

Ba duk ciyawa ke da juriya ɗaya ba. Wadda a ke shukawa a ƙasashen sanyi, mai suna bent, ta kan yi kwana 90 zuwa 120 ƙarƙashin ƙanƙara ba ta mutu ba. Amma akwai wata mai suna Poa annua, wadda asalinta kutsawa ta ke yi, ta kan zuba iri ko an aske ta ƙasa ƙasa, har ta mamaye tsofaffin girin. Ita daga kwana 45 zuwa 90 ta kan soma mutuwa. Tun cikin shekarun 1960 wani masani, James Beard, ya nuna wannan bambanci a Jami'ar Jihar Michigan. A ɗarin 2013 zuwa 2014 an ga zahiri. Ƙanƙara ta daɗe a Michigan da lardin Ontario na Kanada, da ta narke sai aka tarar girin masu yawa sun mutu, galibi waɗanda Poa ta cika.

Gaba kura, baya siyaki

To, ga inda wuyar ta ke. Da zarar ƙasa ta fara ɗumi, wajen watan Afrilu da Mayu, irin ciyawar banza ya kan farka, musamman dangin harƙiya da tuji. Duk inda ɗari ya bar fili tsirara, nan su ke fara tsira. Al'ada ita ce a fesa maganin da ke hana iri tsira kewaye da girin tun kafin su fito. Amma maganin nan ba ya bambanta iri. Ya kan yi watanni cikin ƙasa, kuma in an watsa irin ciyawar kirki don a toshe gurbin da ya mutu, shi ma ba zai tsira ba. A fesa, gurbi ya zauna tsirara. A ƙi fesawa, harƙiya ta cinye.

Masu hankali daga cikinsu ba su gaggawa. Tun sanyi bai janye ba su kan yanko ɗan ɓangaren ciyawa da ƙasarsa, su ajiye a ɗaki mai ɗumi kusa da taga. In ya yi tsanwa bayan mako ɗaya ko biyu, da sauran rai. In bai yi ba, sun san abin da ke gabansu. Daga nan sai a fesa inda ciyawa ta rayu, a tsallake inda ta mutu. Gurbin a karce shi a watsa iri, ko a dasa ciyawa da saiwarta, a hana mutane takawa. Abin da ya kutso a cire shi da hannu da 'yar wuƙa. Maganin 2,4-D, wanda ke kashe mai faɗin ganye ya bar ciyawa, ba a fesa shi sai sabuwar shuka ta yi ƙwari, an aske ta 'yan lokuta.

Babban aikin kuwa tun da kaka a ke yinsa. A gyara magudanar ruwa, a sare itatuwan da ke tare rana, a rage takin da ke sa ganye ya yi taushi, a ɗan bar ciyawa ta ƙara tsawo, a rufe girin da mayafi inda iska ke dūkansa.

Abin lura ga manomi

Ko da ya ke ƙanƙara ba ta rufe gonar dawa, hukuncin ɗaya ne. Inda shuka ta yi giɓi, nan ciyawa ke yin sarauta, saboda haka kada a yi jinkirin ƙosa gurbi. Kuma kafin manomi ya fesa maganin hana tsira, sai ya tuna abin da zai shuka a bayansa. Atrazine ba ya cutar masara, amma ya kan halaka wake da gyaɗa. A karanta takardar jikin kwalba, ko a tambayi malamin gona. Allah ya ba da damina mai albarka.