Sharar da Tukunyar Kalham Ta Bari

A Kalham, kusa da birnin Oksfod a ƙasar Ingila, akwai wata babbar tukunya ta ƙarfe mai siffar ƙawanya, wadda a ke kira JET. Daga shekara ta 1983 masana suka riƙa gwada hura irin wutar da ke cin rana a cikinta, watau a matse ƙwayoyin iskar haidirojin mai nauyi har su haɗe, zafi ya fito. A watan Disamba na 2023 aka rufe ta. Abin da ya rage shi ne kwance ta, aikin da a ke tsammani zai kai wajen 2040.

To, me ya kawo wannan jinkiri? Ita wutar ba ta barin toka mai guba. Wahalar tana jikin tukunyar. Waɗansu ƙwayoyi da a ke kira niyutron su kan yi ta dukan bangonta, har ƙarfen kansa ya riƙa fid da haske marar ganuwa mai cutar da jiki. Sa'an nan tiritiyam, wanda aka fara sa wa wutar a 1991, ya kan shige cikin bangon kamar yadda mai ke shiga sabuwar tukunyar ƙasa. Saboda haka duk abin da aka ciro wajen gyara, ko ƙusa ce ko safar hannu, ba a zubar da shi a juji.

Injiniya ya kan zauna nesa yana duban majigi, yana sarrafa hannuwan ƙarfe biyu masu suna MASCOT. Da su aka ɓamɓare falankin gawayi na bangon tsakanin 2009 da 2011, domin gawayi ya cika shan tiritiyam. Irin waɗannan kaya a kan gasa su cikin tanda, iskar ta fito, a kama ta. Ko da an bar ta ma, rabinta ya kan mutu cikin shekara 12 da 'yan watanni.

Amma fa ba kowane ƙarfe ke hucewa da wuri ba. Kobalt kan rage rabin ƙarfinsa cikin shekara 5. Niyobiyam kuwa sai wajen shekara 20,000, ko da ɗan kaɗan ne ya shiga cikin narkakken ƙarfe ya ɓata lissafi. Don haka masanan Turai suka haɗa wani ƙarfe, Eurofer, suka tsame niyobiyam daga cikinsa iyakar iyawarsu, da niyyar a iya sāke narka shi bayan ya yi kamar shekara 100 a ajiye.