Takalmin Birkin Babur: Wanne Za a Saya?

Duk wanda ya san ƙasar Miga ya san babur ne jakin wannan zamani. Shi ke ɗauko shinkafa daga fadama, shi ke kai kifi da riɗi kasuwar Gujungu ko ta Haɗeja, shi ne kuma ke ɗaukar maigida da uwargida da goyonta ran Lahadi da safe. Mun sha ganin mutum yana goge tanki har ya yi ƙyalli, ya sa sabon madubi da hon mai ƙara, amma in an tambaye shi yaushe rabon da a buɗe masa birki, sai ya yi dariya ya ce, "Ai yana ci, Malam."

Yana ci ɗin, amma a ina ya ke tsayawa? Ga ɗan lissafi irin wanda mu kan ba yara a aji. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, watau kafin ido ya ga saniya ta fito daga gona ƙafa ta kai ga birki, an riga an wuce tsawon ɗaki huɗu. In kuma aka ninka gudu, nisan tsayawa ya kan ninku sau huɗu. Babur da ke tsayawa cikin mita 6 a gudun 30 sai ya nemi mita 24 a gudun 60. Wannan fa da birki mai lafiya ke nan. To, ina ga wanda ya cinye, ga kuma buhu biyu a baya?

Yawancin baburan da ke ƙauyukanmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, birkin ganga gare su gaba da baya. A cikin cibiyar ƙafar akwai ƙarfe biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda makanikai ke kira "shu", watau takalmin birki. An manna wa kowanne wata fata mai kaushi. In aka taka birki, wani ɗan ƙarfe ya kan juya ya buɗe su, su goga a jikin gangar, ƙafar ta tsaya. Fatar nan ita ke cinyewa, kuma a ƙasarmu ta fi saurin cinyewa. Da rani ƙura da rairayi ke shiga. Da damina kuwa laka ce da ruwa, balle a shekarun da Kogin Haɗeja ya yi ambaliya, kamar 2018 da 2020 da 2022, sa'ad da masu babur suka yi ta ratsa ruwa har gwiwa. Ruwan da ya kwana a cikin ganga ya kan ci ƙarfen takalmin ta ƙarƙashin fatar, gam ɗin ya saki. Ranar da fatar ta ɓamɓare ana cikin tafiya, ko dai birkin ya ɓace ɗungum, ko kuwa ƙafar ta ƙame nan take. Dukansu biyu babu na zaɓe.

Saboda haka kada a jira ƙarar ƙarfe. Sabuwar fata ta kan yi kaurin wajen milimita 4, littattafan ƙananan babura da yawa kuwa sun ce a canja in ta sauka zuwa 2. Waɗansu babura suna da 'yar kibiya a hannun birkin, in ta yi daidai da alamar da ke jikin murfin sa'ad da aka taka, to takalmin ya ƙare. Akwai wata dabara da ba mu yarda da ita ba ko kaɗan: in notin ɗauri ya kai ƙarshe, sai a zare hannun birkin a gusa shi haƙori ɗaya ko biyu don ya ci gaba da kamawa. Ɗan ƙarfen nan na ciki yana iya juyawa ya wuce iyakarsa ya maƙale, birkin ya ƙi saki.

In za a je saye, ko a Haɗeja ne ko a Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon takalmin a hannu, a kuma faɗi sunan babur da lambarsa. A haɗa tsoho da sabo a ga faɗi da lanƙwasa da ramukan sifirin sun yi daidai. Mai shago ya kan fito da iri biyu ko uku, ya ce wannan na kamfani ne, wannan mai bi masa, wannan kuma mai araha. Kwali ba shaida ba ne, gama masu yin jabu sun iya kwali. A buɗe a duba bakin fatar ko'ina, kada a ga rata tsakaninta da ƙarfe. A kankara da farce: in tana zubar da gari, ko kuwa tana santsi kamar gilashi, a ajiye ta. A nan uwargida ma tana da bakin magana, tun da ita da yaro ke zaune a baya.

A canja takalman biyu tare, da sababbin sifirin. A sa yatsa a shafa cikin gangar, in ta yi zurfin zane ko ta sha ci ƙwarai, sabon takalmi ba zai zauna daidai ba. In giris ko baƙin mai ya jiƙa fatar, wanki ba ya gyara ta, sai canji, a kuma nemi inda man ke yoyo. Ga wata magana domin yaranmu masu koyon aiki a gareji: kada su hura ƙurar ganga da baki. Akwai fatun birkin da har yanzu a kan yi da asbestas, ƙurarsa kuwa tana kawo ciwon daji na huhu bayan shekaru. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa.

Masu babur mai birkin faifai a gaba, su "fad" za su nema. Akwai mai taushi, ba ya ƙara, ba ya cin faifai sosai, amma laka tana gama shi da wuri. Akwai kuma wanda aka yi da garin ƙarfe da jan ƙarfe, wanda ya fi kamawa cikin ruwa, ya fi daɗewa, sai dai ya fi cin faifan. Ga mai bin hanyoyin fadama mun fi son na biyun. Man birki kuwa a zuba irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4.

Sabon birki ba ya kamawa sosai ran farko, sai fatar ta saba da gangar. A yi kwana biyu uku ana tsayawa a hankali, ba da kaya mai nauyi ba, sa'an nan a koma a sake ɗauri. Da yawa daga cikinmu suna tsoron birkin gaba, har wani kebur ɗinsa ya tsinke tun bara bai damu ba. Alhali a kan kwalta kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga gaba ya ke fitowa. A rairayi da santsi ne ake bin sa da lallami, a fi jingina ga na baya. Taya da ta zama sanƙo kuwa tana ɓata aikin kowane irin takalmi.

In an ratsa ruwa, da an hau tudu sai a ɗan danne birkin gaba da na baya ana tafiya a hankali, har zafi ya busar da fatar, a gwada a ji ya kama kafin a ƙara mai.