Harajin Ambaliya a Cikin Kwalbar Barasa

Yau shirin zai kai mu jihar Pensilbeniya ta Amurka, inda gwamnati da kanta ce mai kantin barasa.

A gurguje: daga 1920 zuwa 1933 haramun ne sayar da barasa a duk faɗin Amurka. Da aka ɗage haramcin a Disambar 1933, sai aka sakar wa kowace jiha ragama ta tsara nata. Yawanci suka zaɓi bai wa 'yan kasuwa lasisi. Gwamnan Pensilbeniya na lokacin, Gifford Pinchot, mutum ne da ya tsani shaye-shaye, don haka ya kafa hukuma ta riƙe cinikin, don kada barasa ta zama ruwan dare. Har yau mai neman wiski sai ya je kantin hukumar, kuma kantunan sun kusa 600.

To, ga abin da ya tsaya mini a rai.

A watan Maris na 1936, ruwa ya ci garin Johnstown. Garin da ma ya san ruwa, domin a 1889 madatsa ta ɓalle ta kashe mutum fiye da dubu biyu. Wannan karon kuma gidaje suka rushe, laka ta cika tituna, mutane suka rasa wurin kwana. Majalisar jiha ta ce a ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan barasar kantunan gwamnati, na ɗan lokaci, a tallafa wa waɗanda abin ya shafa. Ku riƙe wannan, jama'a: na ɗan lokaci.

Johnstown ya farfaɗo, haraji bai tafi ba. A 1963 aka mai da shi kashi 15, a 1968 ya koma 18, kuma a nan yake har gobe. Kuɗin ba garin suke zuwa ba, baitulmalin jiha suke shiga. Mai saye ya ɗauki kwalba daga kanta, ya duba farashin da ke manne a jikinta, harajin ambaliyar 1936 na ciki, ko da kakansa ma ba a haifa ba a lokacin.

Abin yana damuna, gaskiya. Hukumar da aka kafa don ta rage sha ita ce ta zama saniyar tatsa, kuma duk gwamnan da ya zo sai ya tarar kasafinsa ya jingina da kuɗin. Ta yaya za ka hana mutum abin da kake cin riba in ya saya?

Lokaci na hararar mu, amma ku sani an ɗan sassauta daga baya. A 2016 Gwamna Tom Wolf ya sa hannu a dokar da ta bai wa manyan kantunan abinci masu lasisi damar sayar da giyar inabi, lita uku a saye ɗaya. Barasa mai ƙarfi kuwa tana hannun hukuma.