Lamba 5040 da Sirrin Yawan Rabuwarta

Masana lissafi ba sa auna darajar lamba da girmanta kaɗai, suna kuma kula da yawan lambobin da ke raba ta daidai ba tare da saura ba, kuma a wannan fage 5040 ta yi fice tun zamanin tsohuwar Girka. Ana samun ta idan aka ninka lambobi daga 1 zuwa 7 da juna, kuma idan aka warware ta zuwa lambobin tushe, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, za a tarar 2 ta shiga cikinta sau huɗu, 3 sau biyu, 5 da 7 kuwa sau ɗaya-ɗaya.

Daga wannan gini ake gane yawan masu raba ta, domin ƙa'ida ita ce a ƙara ɗaya a kan adadin shigar kowace lambar tushe, sannan a ninka sakamakon: 5 sau 3 sau 2 sau 2, wanda ya ba da 60. Duk lambobi daga 1 zuwa 10 suna cikin sittin ɗin nan, haka ma 12 da 24, shi ya sa da dukiyar mamaci za ta kasance 5040, da rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni duk sun fita cif a rabon gado.

Wannan siffa ce ta sa Aflatun na tsohuwar Girka, a littafinsa na Dokoki, ya ba da shawarar birni nagari ya ƙunshi gidaje 5040, don a iya kasa jama'a kashi-kashi wajen haraji da yaƙi, har ya lura cewa 11, wadda ba ta raba ta, za ta raba idan aka cire gida biyu.

A rabe-raben zamani, 5040 tana cikin ajin lambobi masu yawan rabuwa, waɗanda Ramanujan na Indiya ya yi nazarinsu a 1915, wato waɗanda kowacensu ta fi duk wata lamba da ke ƙasa da ita yawan masu raba ta. Tana kuma cikin lambobi masu yalwa, domin jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta kai 14,304, saɓanin cikakkiyar lamba irin 28, wadda jimillar nata take daidai da ita.

Yalwar nan ce ta kai ta cikin babbar matsalar da Riemann na Jamus ya gabatar a 1859 game da yadda lambobin tushe suke bazuwa. A 1984 Guy Robin na Faransa ya tabbatar cewa hasashen Riemann gaskiya ne idan babu wata lamba sama da 5040 da jimillar masu raba ta ta ƙetare wata iyaka da ya fayyace, kuma samun ko da guda ɗaya ya isa ya rushe hasashen, wanda har yau masana ke neman hujjarsa.