Haki da Gangan: Abin da Sabon Salon Numfashi Ke Yi wa Jiki

A wasu manyan biranen Amurka da Turai, mutane kan biya kuɗi masu kauri don kawai su shiga ɗaki su kwanta su yi numfashi. Kowa da shimfiɗarsa, an ɗaure ido da ƙyalle, kiɗa na tashi da ƙarfi. Jagora na zagayawa tsakaninsu yana maimaita umarni guda: a ja iska sosai ta baki, a sake ta, kada a huta tsakani. Da farko ba a jin komai sai sautin haki. Can sai wata ta fara shessheƙar kuka, wani ya fashe da dariya babu dalili, wani kuma hannayensa su ƙandare, yatsun su haɗe wuri ɗaya su lanƙwashe ciki, ya yi ya yi ya buɗe su ya kasa. Jagoran ko a jikinsa. A ganinsa yanzu ne aiki ya fara kyau, baƙin cikin da aka danne shekara da shekaru ne ya samu ƙofar fita.

Da abin ya tsaya a can, da ba sai an ɓata tawada a kansa ba. To amma YouTube da TikTok sun kawo shi cikin tafin hannu, kuma duk matashin da ke da data a Kano ko Maraɗi zai iya kunna bidiyo ya bi umarnin mai magana shi kaɗai a ɗaki, ba tare da kowa ya tambaye shi lafiyar jikinsa ba.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Stanislav Grof, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen birnin Prag a 1931. Ya shafe shekaru yana gwada ƙwayar LSD a kan marasa lafiya, da farko a ƙasarsa, daga baya a Amurka inda ya koma a 1967. Ba a jima ba hukumomi suka haramta ƙwayar, bincike a kanta ya durƙushe. A 1973 Grof ya koma cibiyar Esalen da ke gaɓar tekun Kalifoniya, a nan ne shi da matarsa Christina suka nemo hanyar kai mutum irin halin da ƙwayar ke kai shi ba tare da ya haɗiyi komai ba. Hanyar ita ce numfashi mai sauri da zurfi na tsawon awa biyu zuwa uku, da kiɗa, da abokin zama mai lura da wanda ke kwance. Suka sa mata suna Holotropic. Wannan tarihin kaɗai ya isa ya nuna cewa tun asali ba don hutawa aka ƙirƙiro ta ba, don a gusar da hankali daga inda ya saba zama ne.

A daidai wannan zamani wani Ba'amurke, Leonard Orr, ya fito da tasa hanyar, wadda ya ce tana sa mutum ya tuna ranar da aka haife shi, ya wanke firgicin haihuwar. Orr bai tsaya nan ba, har koyarwa ya yi cewa ɗan Adam na iya kauce wa mutuwa ɗungurungum. Ya mutu a 2019.

Na baya-bayan nan, wanda matasa suka fi sani, shi ne Wim Hof ɗan ƙasar Holan, mai shiga ƙanƙara daga shi sai gajeren wando. Tsarinsa gajere ne: a ja numfashi mai zurfi sau 30 zuwa 40, a fitar, a riƙe har iya ƙarfi, a sake maimaitawa sau uku ko huɗu.

Masu tallata waɗannan hanyoyi sun fi son cewa suna cika jiki da iskar oksijin. A nan ne maganar ta fara karkacewa. Jinin lafiyayyen mutum da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ya riga ya ɗauki kashi 95 zuwa 100 cikin 100 na oksijin ɗin da zai iya ɗauka. Tulun da ya cika fal, ko an ƙara masa ruwa zubewa zai yi. Abin da haki ke yi shi ne kwashe ɗaya iskar, wato kabon dayoksaid, wadda akasari ake ɗauka shara ce kawai. Ba shara ba ce. Ita ke daidaita tsamin jini, ita ke sa jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su zauna a buɗe, ita ce kuma ke tunatar da jiki cewa lokacin jan numfashi ya yi. A ma'aunin likitoci, ya kamata ta tsaya tsakanin 35 da 45. Haki mai ƙarfi na 'yan mintoci kan iya faɗo da ita zuwa ashirin da wani abu, kuma idan ta faɗi haka jijiyoyin kai sukan tsuke, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu da kashi ɗaya bisa uku ko fiye. Bugu da ƙari, tun 1904 wani masani ɗan Denmak, Christian Bohr, ya nuna cewa idan kabon ta yi ƙasa, jini kan riƙe oksijin gam ya ƙi sakin sa ga sassan jiki yadda ya kamata. Ke nan mai hakin nan, duk da ƙirjinsa na hawa da sauka, ƙwaƙwalwarsa ƙarancin iska take fama da shi. Jirin da yake ji, da hasken da ke gilmawa a idonsa, da jin kamar ya rabu da gangar jikinsa, daga nan suke.

Ƙandarewar hannu ma tana da bayaninta. Idan tsamin jini ya ragu, wani kaso na sinadarin kalsiyam da ke yawo a jini kan liƙe wa furotin, sai jijiyoyi su riƙa harbawa da kansu. Yakan fara da minjirya a leɓe da kan yatsu, ya zarce zuwa murɗewar hannu da ƙafa. Ma'aikatan ɗakin gaggawa na ganin irin wannan a wurin wanda tsoro ko tashin hankali ya sa shi haki, kuma da zarar numfashi ya lafa, hannun zai saki da kansa. Jagoran Kalifoniya zai ce damuwa ce ta taru a hannu. A wasu gidajenmu kuwa, in aka ga yarinya ta zube tana kuka, yatsu a murɗe, abin da za a fara kawowa a rai shi ne iska ta taɓa ta. Likita zai fara da ƙirga numfashinta.

Kukan fa? Babu mai cewa na ƙarya ne. Mutane da yawa na fitowa daga irin wannan zama suna cewa sun ji an sauke musu kaya, kuma ba daidai ba ne a ƙaryata su. Mutum ya kwanta a wurin da aka ba shi izinin yin kuka ba mai harararsa, ga kiɗa mai taɓa zuciya, ga wani na riƙe da hannunsa, ga ƙwaƙwalwa a jirkice, dole abin da ke ciki ya motsa. Tambayar ita ce ko fitar hawayen na nufin an warke. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna shakkar ra'ayin nan na cewa amayar da abin da ke zuciya da ƙarfi shi ne magani. A 2002 Brad Bushman ya wallafa gwajin da ya yi da ɗalibai kimanin 600 a Amurka: aka fusata su, aka bar wasu su huce a kan buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma aka zaunar da su shiru. Masu naushin sun fi fita da fushi. Wannan gwaji a kan fushi ne, ba a kan numfashi ba, amma ya girgiza tushen da masu wannan sana'a suka yi gini a kai. Wanda ya ga tashin hankali na gaske, kamar kisa ko fyaɗe ko garkuwa, tono masa abin a tsakiyar taro a hannun wanda ya yi kwas na 'yan makonni na iya barin sa cikin halin da ya fi na da muni. Masu ciwon firgici kuwa, likitoci sun san haki da gangan na iya tayar musu da shi nan take.

Shi kansa Grof da almajiransa ba su ɓoye cewa akwai waɗanda bai kamata su kusanci wannan aiki ba: mace mai ciki, mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai farfaɗiya, mai hawan jinin ido, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa samun taɓin hankali. A 1993 wata cibiyar masu neman natsuwa a Sikotilan, Findhorn, ta dakatar da shirinta na wannan numfashi bayan ƙorafe-ƙorafe da rahoton Farfesa Anthony Busuttil na Jami'ar Edinbara. Matsalar bidiyon waya ita ce ba ya raba takardar tambayoyi kan lafiyar mutum. Kuma mutum nawa ne a cikinmu ke yawo da hawan jini bai taɓa aunawa ba?

Batun farfaɗiya ba hasashe ba ne. A asibiti, idan ana gwajin nan da ake manna wa mutum wayoyi a kai don a ga aikin ƙwaƙwalwa, akan ce ya yi haki na minti uku da gangan, saboda an san yana fito da ɓoyayyar farfaɗiya fili. Akwai kuma waɗanda ƙa'idar gwajin ta hana a sa su wannan haki, cikinsu har da masu sikila, domin an taɓa samun waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye bayansa. Jijiyoyin kan wasu masu sikila da ma a takure suke, tsukewa kaɗan ta isa ta toshe hanya. Littattafan da Turawa ke rubutawa kan numfashi ba su cika damuwa da wannan ba, amma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a duk shekara. Wannan gargaɗin namu ne fiye da nasu.

Inda abin ya fi kisa kai tsaye shi ne ruwa. Ba ƙarancin oksijin ne ke sa mai nutso ya ji dole ya taso ba, taruwar kabon ce. Wanda ya yi haki kafin ya nutsa ya kashe wannan ƙararrawar da hannunsa. Zai ji daɗi a ƙasa, ba ƙunci ba komai, oksijin na ƙarewa bai sani ba, sai kawai ya suma. Ba ya fafutuka, ba ya ɗaga hannu, na bakin ruwa ma yaba masa suke yi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton irin wannan haɗari guda 16 a jihar New York tsakanin 1988 da 2011, huɗu daga ciki sun mutu, har da wasu samari biyu ƙarfafa da ke atisayen shiga soja a wurin ninƙaya mai masu gadi, a ruwan da bai kai tsayinsu ba. Shi ma Wim Hof a shafinsa yana gargaɗin kada a yi numfashinsa a ruwa ko ana tuƙi, sai dai hotonsa cikin ƙanƙara ya fi gargaɗin yawo. Yaran da ke gasar wa zai fi daɗewa a ƙarƙashin kududdufi ko dam da damina ba su taɓa jin sunansa ba, amma jan numfashin da suke yi da sauri kafin su nutsa shi ne dai wannan tarkon.

Ta fuskar bincike, akwai abin da za a nuna, sai dai bai kai girman tallan ba. A wani bincike da aka wallafa a 2014, masana a Jami'ar Radboud ta Holan sun yi wa samari 24 allurar gubar ƙwayar cuta, 12 daga ciki waɗanda Hof ya horar. Waɗannan 12 sun samu hauhawar sinadarin adirenalin, kumburin cikin jini ya yi ƙasa, alamun zazzaɓi suka zo musu da sauƙi. Sakamako ne na gaske, amma a kan ƙosassun samari ƙalilan, na 'yan awoyi, kuma bai ce komai game da warkar da baƙin ciki ba. A 2023 wasu masana a Ingila suka haɗa gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum 785, suka ga atisayen numfashi na rage damuwa daidai gwargwado, mafi yawan gwaje-gwajen kuwa na numfashi a hankali ne, kuma su da kansu suka ja kunne kada zuzutawa ta wuce hujja.

A shekarar ne kuma Jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon gwada hanyoyi daban-daban, minti biyar a rana na tsawon wata guda. Wadda ta fi gyara yanayin zuciya ita ce mafi sauƙi: a ja iska ta hanci, a ƙara ɗan ja a kai, sannan a sake ta a hankali ta baki har ta ƙare. Ajiyar zuciya ke nan, wadda kowa ya iya tun yana goye. Ba ta kawo jiri, ba ta murɗe hannu, ba a biyan ko sisi.

Wanda damuwa ta hana shi barci ko ci, ko abin da ya gani ke dawo masa dare da rana, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, da Maiduguri, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa. Idan kuma aka tarar da wani ya yi haki har hannunsa ya ƙandare, a zaunar da shi nesa da ruwa da wuta, a kashe bidiyon, a yi masa magana a natse, a sa shi ya rufe baki ya riƙa numfashi ta hanci yana tsawaita fitarwa. Kada a ɓamɓare masa yatsu da ƙarfi, kada kuma a kifa masa leda ko jakar takarda a fuska, likitoci sun daina ba da wannan shawara domin ta hallaka waɗanda ashe ciwon zuciya ko na huhu ne ya sa su haki. Yawanci cikin 'yan mintoci jiki ke saki. In ya yi kukan ciwon ƙirji, ko bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya mutu, ko ya suma bai farfaɗo nan da nan ba, a nemi abin hawa a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita irin numfashin da yake yi kafin abin ya faru.